Ƙauyen da Kawu Yake Ginawa da Tuwo

Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma za mu koma, sai dai Kawu ya riga mu. Ya cika a asibitin da ke kan Oxford Road, titin da ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙa bas a kai. Ina wurin aiki a Birmingham waya ta same ni, kafin in iso Manchester gidansu na Rusholme ya cika maƙil, takalma har bakin titi.

Na sha zuwa zaman makoki, amma ban taɓa ganin irin na Kawu ba. Mutum zai shigo da jajayen idanu, ya durƙusa gaban Inna, matar Kawu, ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Yana komawa gefe ya zauna sai ka ga bakinsa yana motsi, yana danne dariya. Wata tsohuwa 'yar Kumasi ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Allah ya gafarta wa Malam. Ni kam tuwo mai sanyi na ci shi a gidan nan har na gode Allah, duk saboda tafkin wasu mutane da ban taɓa gani ba." Wani ɗalibi da ya taso daga Fallowfield, unguwar ɗalibai, ya ce, "Wallahi Hajiya, na fi sanin tarihin ƙauyen nan a kan na Funtuwa inda aka yanke mini cibiya." Falo ya ɗauki dariya, sannan kowa ya tuna inda yake, aka koma salati. Inna ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tsawatar ba, carbinta kawai take ja.

Ga wanda bai san Kawu ba, bari in yi bayani. Yayan mahaifiyata ne, haifaffen Zangon Kumasi. Ita aure ya kai ta Kano, a can aka haife ni, shi kuwa karatu ya kai shi ƙasar Czech yana saurayi, tun tana haɗe da maƙwabciyarta a ƙasa ɗaya. Su biyu aka tura daga unguwarsu koyon aikin injuna, shi da amininsa, wanda shi ne wan Inna, uwa ɗaya uba ɗaya. Da kaka ta yi aka kwashi ɗalibai zuwa wani ɗan ƙauye tonon dankali. A nan wan Inna ya shiga ruwan sanyi yana taya mutanen gari kamun kifi, ciwon ƙirji ya kama shi, ya ce ga garinku nan. Kawu shi kaɗai ne Musulmi a wurin. Shi ya wanke shi, shi ya sallace shi, shi ya sa shi a kabari. Daga baya ya kai akwatin mamacin gidansu a Kumasi, ya ga ƙanwarsa, Allah ya ƙulla aure. Ɗansu na fari sunan mamacin ya ci, shi ya sa Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, Mai Suna take ce masa. Ni Yaya nake ce masa.

Duk wannan kowa ya sani. Abin da ba wanda ya sani shi ne abin da Yaya ya ja ni kicin ya faɗa mini ranar sadakar uku, yana ta murza goshi.

"Ƙanwata, akwai problem. Baba ya bar mini wasiyya a asibiti. Ya ce in je in gaishe da mai sunana, in cire masa ciyawa, in yi masa addu'a, in ce masa yana nan tafe."

Na ce, "To ai sai ka je. Meye abin damuwa?"

"Na ce masa, Baba, a ina exactly kabarin yake? Kin san abin da ya ce?" Yaya ya kwaikwayi muryarsa. "Haba! Sau nawa zan faɗa muku? Ya juya fuska bango. Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan."

Sai da na nemi kujera na zauna. Sau nawa zai faɗa mana! Kai jama'a! Mutumin nan ya fi shekara arba'in yana ba da labarin ƙauyen nan, ya ba manya, ya ba yara, ya ba fasinjojin bas, ya ba likitarsa har sai da ta riƙa ajiye shi a ƙarshen layi, amma ko sau ɗaya, wallahi ko sau ɗaya, bai taɓa kai mu bakin kabarin ba. Yanzu ya tafi da wurin a cikinsa, ya bar wa ɗansa aikin da ba ya da kai ba ya da gindi. Mamaci ba a yi masa faɗa, na sani. Amma ranar nan a kicin na yi wa Kawu faɗa a zuciyata har na gaji.

Ga yadda labarin yake tafiya, don ku gane abin da nake nufi. Shekarun da na yi a gidansu ina jami'a, duk ranar Lahadi Inna tana yin tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, a zuba a babban tire, a shimfiɗa leda a falo. Kowa ya wanke hannu, an yi bisimilla, ka miƙa hannu ke nan sai Kawu ya ɗaga yatsa.

"Dakata, Bakanuwa. Kin ga wannan malmalar? Tudun ƙauyen ke nan."

Shi ke nan, an shiga. Zai tura malmala ɗaya gefen arewa. Ya kawo kwanon miya ya ajiye a gindinta, wai tafki ne, mai siffar ludayi, kansa wajen gari, mariƙinsa ya miƙe wajen daji. Ya shimfiɗa cokali, hanyar da ta taso daga tashar jirgin ƙasa ke nan, gefe da gefe an jera wasu itatuwa masu baƙaƙen 'ya'ya da yake kira ɗinyar Turawa. Tsokar nama mafi girma, wadda kowa ya ƙyalla wa ido, ita ce ƙaramin cocin tsakiyar gari, mai hula kamar albasa. Kwalbar yaji ita ce babbar bishiyar dandali, lipa a bakinsu, wadda mutum huɗu ba sa zagaye ta da hannu.

Da a nan zai tsaya da da sauƙi. Ina! Kowane abu da tarihinsa. Tafkin wasu malaman coci ne suka haƙa da hannu tun zamanin kakannin kakanni, don su sami kifin ci lokacin azuminsu. An yi wani dogon yaƙin addini da ya ƙone garin ƙurmus, gidajen da suka tsira ba su kai yatsun hannu ba, waɗanda suka ɓuya a daji suka dawo suka sake gini da duwatsun da suka yi baƙi. Akwai ginshiƙin dutse da aka kafa bayan wata annoba. Akwai wani dutsen kuma gaban coci, an sassaƙa sunayen samarin da suka tafi yaƙin duniya ba su dawo ba, gida ɗaya 'ya'ya uku. Akwai zamanin da gwamnati ta haɗe gonakin kowa wuri ɗaya, ta kwashe shanu ta kai garke guda, wata tsohuwa ta riƙa zuwa kullum tana gaishe da saniyarta ta cikin waya. Tuwo yana sandarewa, miya tana yin fata a sama, cikinka yana kiran ciroma, Kawu ko a jikinsa.

Daga coci sai ya ɗauki cokali mai yatsu ya ja hanya ta bayan gari, ta wuce wani gicciyen dutse mai karyayyen hannu, ta hau gangaren tudu. Sai ya ɗauko murfin kwano ya kifa. "Maƙabartarsu ke nan. Da katangar dutse, da 'yar ƙofar ƙarfe. To, in ka iso katangar nan..."

Daidai nan, kullum daidai nan, wani abu zai faru. Ko Inna ta saki murfin tukunya a kicin, ko ta leƙo ta ce, "Malam, abinci fa na hucewa." Kawu ya kalli murfin da ya kifa, sai ka ji ya ce, "Af, na manta ban faɗa muku yadda ake zuƙe tafkin ba." Ya koma kan kifi. Mu kuwa mu ce alhamdu lillahi, mu afka wa tudu, mu cinye coci. Na ɗauka shiririta ce irin ta mai surutu, wanda bai san inda ya dosa ba. Har cewa nake, Kawu direban bas ne da bai taɓa kai fasinja tasha ta ƙarshe ba.

Kifin nan kuwa, hmm. Mutanen can suna da wata al'ada, in sanyi ya kankama a ƙarshen shekara sai su sayi ƙaton kifin tafki da ransa, su saka shi a bahon wanka ya kwana biyu yana iyo, wai don warin laka ya fita. Kawu ya ɗauko al'adar nan cak ya dire ta a Rusholme. Wani mai shago ɗan Poland ke samo masa. Gida mai banɗaki ɗaya! Na tuna shekarata ta farko, ina da jarrabawa da safe, na shiga da tawul na yaye labule, sai ga wani abu kamar jinjiri yana kallona yana buɗe baki. Ihun da na yi sai da maƙwabta suka buga bango. Kwana da kwanaki muna alwala a sink ɗin kicin, muna wanka da bokiti a tsaye gefen baho, kifi yana kallo.

Inna ta ce, "Malam, ni da kifin nan wa ka aura?"

Ya ce, "Hajiya, shi baƙo ne, ke 'yar gida ce. Baƙo ake ba ɗaki."

Wani malami ya taɓa yi masa magana a masallaci, ya ce wannan koyi ne da bikin da ba namu ba. Kawu ya ce, "Malam, ni ba biki nake ba. Kifi nake soyawa. In akwai inda aka haramta kifi a watan Disamba, buɗe ka nuna mini." Sun fi wata ba sa gaisawa sai da ɗaga hannu. Abin da malamin bai sani ba, Kawu ko ɗanɗana kifin ba ya yi. Ya soya shi da kansa, ya yanka gunduwa gunduwa, ya naɗe a takarda, ya hau bas zuwa Fallowfield, ya bi ɗakunan ɗaliban da ba su sami zuwa gida hutu ba. Duk wanda ya miƙa wa sai ya ce, "Sadaka ce. Ka yi wa wani ɗalibi ɗan'uwanka addu'a, shi ma bai sami zuwa gida ba." Ni na taɓa riƙe masa jakar, na ga ƙattin samari masu digiri biyu suna share ido.

Ba ya son a zagi mutanen ƙauyen, ko da wasa. In ana hirar wariyar da ake sha a ƙasar nan, wani ya ce ai Bature duk ɗaya ne, sai ya miƙe zaune. Ya ce ranar da amininsa ya rasu ba shi da ko ƙyalle, wata tsohuwa ta buɗe akwatinta ta ciro farin zanen gado sabo dal, wanda ta ajiye don tata ranar, ta ba shi ya yi likkafani. Mai kula da tafki ya dafa masa ruwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya juya baya har ya gama wankan. Maza suka haƙa ƙasa mai ƙanƙara yadda ya nuna musu, ba su tambaye shi dalili ba. Da ya tsaya sallah shi kaɗai, ba liman ba mamu, ya waiwaya sai ya ga duk gari a bayansa, sun cire huluna. "Ba su san Fatiha ba," in ji shi, "amma sun san mutuwa." Wannan ɓangaren a tsaye yake ba da shi, kuma ba ya yi sai Inna ba ta gida.

To me ya hana shi komawa? Nan ne rigimarsu da Inna, rigimar da ta girmi wasunmu. Tun da hanya ta buɗe, jirgi ya yi araha, yake cewa, "Hajiya, shirya mu je." Ita kuma ta ce, "Ka je kai kaɗai, ƙafarka na riƙe?" Ya ce, "In je in ce masa me in ya tambaye ni ina ƙanwarsa?" Ta ce, "Matattu ba sa tambaya." Ya ce, "Ni nawa yana yi." Shi ya rantse ba zai je ba sai da ita, ita ta rantse ba za ta taka ba. Sun je Makka tare, sun je Kumasi ba adadi, sun zo Birmingham sunan 'ya'yana duka, amma tafiyar da ba ta kai zuwa Legas nisa ba ta gagare su. Taurin kai ya haɗu da taurin kai. Har a Makkan ma, Inna ta ce suna tsaye a Arfa ya nuna mata dutse ya ce tudun ƙauye ya ɗan fi wannan faɗi.

Bayan sadakar bakwai ni da Yaya muka duƙufa nema. Na ce abu mai sauƙi, zamanin waya ne, a rubuta sunan gari a ga taswira. Sunan kuwa mun san shi, Kawu ya ce ma'anarsa Sabon Ƙauye. Yaya ya rubuta. Tirƙashi! Ashe rabin ƙasar Sabon Ƙauye ne. Gabas akwai, yamma akwai, wani lardin ma biyu ne suna kallon juna. Na ce to a nemi mai tafki da coci da babbar bishiya. Yaya ya juyo mini da wayar. Kowannensu da tafkinsa, da cocinsa, da bishiyarsa a dandali. Na ce, "Kawu, Allah ya jiƙanka, amma ka iya zaɓen gari."

Muka tambayi Inna. Tana takaba, tana zaune kan darduma a ɗakinta. Yaya ya durƙusa ya ce, "Mama, ko Baba ya taɓa faɗa miki wani abu?" Ta ce, "Ni ina kicin duk shekarun nan. Ku da kuke zaune gaban tire ku za a tambaya." Ta ci gaba da jan carbi. Na fito raina a ɓace. Wanki ne fa, Inna, ba wan maƙwabta ba.

Sai muka nufi aminin Kawu na Birmingham, wanda muke ce wa Baba Alhaji, tsohon abokin aikinsa a tuƙin bas kafin ya bi 'yarsa can. In akwai wanda ya sha labarin nan har ya ƙoshi, shi ne. Muka same shi a flat ɗinsa ya lulluɓe ƙafa da bargo. Ya yi kuka, ya yi addu'a, sannan ya ce, "'Ya'yana, in faɗa muku gaskiya? Da ya ɗauko sai in kashe na'urar kunnena." Na ji kamar in kurma ihu. Amma da Yaya ya matsa, ya tuno abu ɗaya. Ya ce Kawu yakan ce jirgin ƙasa ba ya shiga garin, a garin gaba ake sauka, a bi ta kan wata gada mai baki biyu, kuma daga kan gadar ana hango hular cocin amma ba a ganin tafki sai an zagaye tudu.

Haka muka riƙa tsinta kamar masu tsintar gero a yashi. Tsohuwar nan 'yar Kumasi ta tuna ludayi, ta ce mariƙin yana kallon faɗuwar rana, domin kullum wajen talabijin Kawu yake nuna shi, talabijin kuma yamma yake. Ɗalibin Funtuwa ya tuna gicciye mai karyayyen hannu. Ni na tuna gida ɗaya 'ya'ya uku a jikin dutse. Kowa da guntunsa, ba mai cikakke. Wata rana Yaya ya kira ni ina kan layin biyan kuɗi a kanti. "Na gan shi. Ƙanwata, ludayi ne. Wallahi ludayi ne sak." Ya turo hoton da aka ɗauka daga sama. Ga tudu, ga tafki, ga hanya da itatuwa a jere, ga 'yar maƙabarta da katangarta a gangare. Tiren Inna ne, ba abin da ya ragu sai miyar gyaɗa. Na tsaya a tsakiyar kanti ina kuka, mata na zagaye ni da kekunan sayayya.

Murna ba ta daɗe ba. Wata abokiyar aikin Yaya 'yar ƙasar ta buga wa hukumar ƙauyen waya. Suka amsa da mutunci, suka duba, suka ce ba mai irin wannan sunan a cikin maƙabartarsu, tsofaffin da za su iya tunawa kuma duk sun kwanta a cikinta. Ga gari mun samu, ga katanga muna gani, mun tsaya daidai inda Kawu yake tsayawa kullum. Yaya ya ce zai je haka nan ya tsaya a ƙofa ya yi addu'a. Amma na ga fuskarsa. An ce masa ya cire ciyawa, ciyawar wa zai cire?

Ranar addu'ar arba'in aka sake taruwa a Rusholme. Da baƙi suka watse, ya rage mu na gida da Baba Alhaji, aka kawo tuwon shinkafa a tiren nan. Ban san abin da ya shiga kaina ba, haushi ne ko kewa. Na ce kada wanda ya taɓa. Na tura malmala arewa, na ajiye miya a gindinta, na shimfiɗa cokali, na kafa nama, na kafa kwalbar yaji. Hannuna yana yi kamar ba nawa ba. Na ja hanya ta bayan gari, na kifa murfi. Na ce, "To, ga katanga. In ka iso katangar nan..." Na kalli kujerar Kawu na ce, "Sai me? Sai me, Kawu? Mutum ya yi ta zuba kamar kanya shekara da shekaru, abu ɗaya da ake bukata ya ƙi faɗa!"

Ba murfin da ya faɗi a kicin. Sai muka ji ƙofar ɗaki. Inna ta fito da hijabinta, ta tsaya a kanmu tana kallon tire.

"Kin sa bishiyar a inda ba nan take ba," in ji ta. "Tana hagun coci, ba dama ba."

Ta durƙusa da ƙyar, ta gyara kwalbar yaji. Ta matsar da cokali kaɗan. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro ɓarin goro. Ba ta sa shi ƙarƙashin murfi ba. Ta zagaya da shi ta baya, wajen katanga, ɓangaren fitowar rana, ta ajiye.

"Ba a ciki yake ba. Malam ne ya roƙa a ba shi waje, don ya samu ya fuskantar da shi alƙibla ba tare da ya gitta kabarin kowa ba. In ka iso ƙofar ƙarfe kada ka shiga, Mai Suna. Ka bi katanga ta hannun dama har ta karya kwana. Akwai ɗinya ɗaya da ta fita daga layi, ita kaɗai. A gindinta yake. Malam ya jera duwatsun tafki farare a kai, ya kafa babba wajen kai."

Yaya ya ce, "Mama, kin sani? Duk wahalar nan da muke sha kin sani?"

"Sau ɗaya ya faɗa mini, a zauren gidanmu, ranar da ya kawo akwati. Na ce masa in yana so in aure shi, kada ya ƙara kai labarin nan ƙarshe a inda kunnena yake." Ta gyara zama. "Ni ban ga gawa ba, ban ga makara ba. Na raka wana tasha da sabuwar riga, ya ce zai kawo mini agogo. Muddin Malam bai wuce katangar nan ba, wana yana Turai yana karatu. Shi kuma ya kasa yin shiru, ya kasa saɓa mini. Sai ya riƙa kawo ku har bakin katanga yana jira ko zan bari. Ni kuma in saki murfi."

Baba Alhaji ya ce, "La ilaha illallahu. Shekara arba'in, Hajiya?"

"Da ɗoriya." Ta kalli goron. "Da kuka tambaye ni ban shirya ba. To yanzu na ga an sa Malam a rami da idona, ƙasa ta rufe shi, ban mutu ba. Wancan ma zan iya." Ta juya wajen Yaya. "Kada ka tafi tukuna. Ka bari in fita takaba. Tikiti biyu za ka yanka. In ya tambaya ina ƙanwarsa, ka ce ga ta."

Kun ji fa. Mutum ya yi ta fama da rai bai ci gardama ba, sai da ya kwanta dama sannan ya yi nasara. Kawu ke nan. Har yau in na tuna ina jin haushinsa, ina jin haushin Inna, su biyun sun mai da mu 'yan kallo a rigimar da ba mu san ana yi ba, sun ciyar da rabin Hausawan Manchester tuwo mai sanyi. Kuma zan ba da abin da na mallaka in sake jin ya ce, "Dakata, Bakanuwa."

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa shi da amininsa a inda ba sanyi. Allah ya saka wa mutanen da suka cire masa huluna. Mu kuma ya sa mu cika da kyau, ya ba mu masu tuna inda aka ajiye mu.

Inna ta ce, "To ku ci mana, ya huce." Ya riga ya huce tuni. Muka cinye tudu, muka shanye tafki, Yaya ya ɗauki coci. Goron nan kuwa ba wanda ya taɓa shi.